Bare a Cikin Ƙagaggun Labaran Hausa: Tarihin Dabarun Jawo Tausayin Mai Karatu, 1933 zuwa 1990

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta baƙo da bare. Baƙo shi ne wanda ya zo daga wani wuri, a yi masa shimfiɗa, a kawo masa ruwa, ana kuma sa ran wata rana zai kama hanya; shi ya sa ake cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Bare kuwa shi ne wanda ba ya cikin dangi ko jama'ar da ake magana a kanta, ko da ya shekara nawa a tsakaninsu. Ba a shawara da shi, ba shi da gado, in kuma aka rasa wanda za a ɗora wa laifi, shi ake fara dubawa. Bawa bare ne a gidan ubangijinsa, ɗan ƙauye bare ne a birni, sakakkiyar mace kuma takan zama bare a gidan da ta haifi 'ya'yanta.

Marubucin da ya ɗauki irin wannan mutum ya mai da shi tauraron labarinsa ya ɗauko wa kansa babban aiki. Dalili kuwa shi ne, yawancin masu karatu 'yan gida ne, kuma dole ne ya sa su ji ciwon wanda a zahiri ba lalle su kula da shi ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda marubutan ƙagaggun labaran Hausa suka tunkari wannan aiki, tun daga gasar 1933 har zuwa 1990. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, dabarar da suka fi dogara da ita ɗaya ce, wato su tabbatar wa mai karatu cewa baren nan yana da asali, kuma zalunci ne ya raba shi da shi. Abin da ya riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne wane ne baren, da kuma nisan da ke tsakaninsa da gida.

2.0 Abin da Marubuta Suka Gada

Marubutan farko ba su tarar da fili fayau ba. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya ji tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, ko ta marainiya da kishiyar uwa. A irin waɗannan tatsuniyoyi ana tura yarinyar da ba a so zuwa wani aiki mai haɗari, ta gamu da abubuwan ban tsoro a hanya, ta yi musu ladabi, ta dawo da arziki. Mai sauraro yana goyon bayanta saboda abu biyu: ba ta yi laifin komai ba, kuma ta yi haƙuri. Waɗannan sharuɗɗa biyu sun bi rubutaccen adabi har zuwa ƙarshen lokacin da ake nazari.

Tarihihin Bayajida ya ba da wani salo na daban. A nan baƙo ne ya iso Daura, ya kashe macijin da ya hana mutane ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya. Ba tausayi ne ya shigar da shi cikin jama'a ba, amfaninsa ne. Sai kuma gado na uku, wato na addini. Ƙissar Annabi Yusufu, wadda kowane almajiri ya sani, labari ne na yaron da aka raba da mahaifinsa, aka sayar da shi, aka kai shi Masar, ya girma a gidan wani, ya ɗaukaka, alhali mahaifin yana can yana begensa. Har ila yau, Musulunci ya ware maraya da matafiyin da guzuri ya yanke masa a cikin waɗanda ke da haƙƙi a kan jama'a. Ke nan mai karatun Hausa ya riga ya san irin baren da ya cancanci tausayi tun kafin a buga masa littafin farko.

3.0 Baren da Aka Sato: Shaihu Umar

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Littattafai biyar ne suka fito sakamakon wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Taurarin waɗannan littattafai duk sun bar gida, amma ba dukkansu ake tausaya wa ba. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja baƙo ne a kowane gari ya shiga, sai dai baƙuncin nasa makami ne. Yana cutar mutane, Malam Zurƙe yana cutarsa, mai karatu yana dariya. Shi kuwa Ganɗoki jarumi ne, kuma jarumi yabo yake nema.

A Shaihu Umar ne aka fara gina labari sukutum a kan tausayi. Ya kamata a tuna da halin da ake ciki lokacin da aka rubuta shi. Shelar da Lugga ya yi a 1901 ta hana farautar bayi da cinikinsu, ta kuma 'yantar da duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Wato a lokacin da littafin ya fito, mutumin da ya haura shekara 33 yana iya kasancewa bawa a idon doka, kuma da yawa daga cikin ɗaliban da suka karanta shi sun tashi a gidajen da ke da bayi ko 'ya'yan bayi. Saboda haka mawallafin, wanda a lokacin matashin malamin makaranta ne a Bauci, yana magana ne a kan abin da ke gaban idon masu karatunsa.

Dabararsa ta farko tana cikin zubi da tsarin labarin. Ba a fara nuna Umar a kasuwar bayi ba. An fara nuna shi a Rauta yana babban malami, almajirai sun kewaye shi, ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi asalinsa, shi kuma ya ba da labari da bakinsa. Kafin mai karatu ya san cewa an taɓa sato mutumin nan, ya riga ya durƙusa a gabansa tare da almajiran. Girman da aka ba shi a shafin farko shi ne yake sa wulaƙancin da ya biyo baya ya yi zafi.

Dabara ta biyu ita ce ta kafa asali. An ambaci garinsu, Kagara, an nuna mutuwar mahaifinsa, da auren mahaifiyarsa da Makau, da yadda fadawa suka yi wa Makau sharri wurin sarki har aka kore shi daga gari. An ambaci Fatika inda mahaifiyar ta tafi ganin danginta, da Maƙarfi inda Makau ya sauka. Waɗannan garuruwa ne da mai karatu ya sani ko ya ji labarinsu, kuma kowane suna shaida ne cewa yaron ɗan mutane ne. Ta haka, lokacin da ya faɗa hannun Gumuzu, aka kai shi Kano, ya koma hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya ƙetara da shi Sahara zuwa Ber Kufa, mai karatu ya san abin da aka ƙwace masa.

Dabara ta uku ita ce mafi ƙarfi. Shi Umar bai sha wahala mai yawa a hannun Abdulkarim ba, domin ya riƙe shi kamar ɗa, ya kuma ba shi ilimi. Da a kansa kaɗai labarin ya tsaya, da wani ya ce ai bautar ta zame masa alheri. Sai mawallafin ya raba wahalar biyu, ya ɗora mafi nauyinta a kan mahaifiyar. Ita ce ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa alhali 'ya ce, aka ƙetara da ita hamada, ba ta sake ganin ɗan ba sai can daga baya, ta kuma rasu jim kaɗan bayan haɗuwarsu. Umar ne ke ba da labarin, amma yakan bar nasa ya bi na mahaifiyar, har ya faɗi abubuwan da bai gani da idonsa ba. Wani manazarci zai iya ɗaukar wannan a matsayin rauni a tsari, amma ta nan ne littafin ya sami abin da yake nema. Mai karatun da bai taɓa zama bawa ba yana da uwa. Kamancin da ke tsakanin wannan labari da ƙissar Annabi Yusufu a fili yake, sai dai a nan haɗuwar ba ta zo da daɗi ba. Ƙarfin labarin ne ya sa Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976.

4.0 Baren da Zalunci Ya Ƙera: Jiki Magayi

Jiki Magayi ya gwada wani abu mai wuya. Abubakar ɗan gari ne, amma talaka. Attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba shi da Zainab, yarinyar da suke son juna. Har zuwa nan mai karatu yana tare da Abubakar, domin an zalunce shi. Amma Abubakar bai cika sharaɗi na biyu ba, wato bai yi haƙuri ba. Ya bar gari, ya shiga daji neman asirin da zai rama da shi, ya sha baƙar wahala, ya samo, ya kuma yi amfani da shi a kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu. Yaron ya lalace, ya zama ɓarawo, ya bar gida, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba.

Abin lura a nan shi ne yadda tausayi yake tashi daga kan mutum ɗaya ya koma kan wani. Da Abubakar ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba, sai mai karatu ya janye daga gare shi ya koma wajen Kyauta. Ɓarawo kuwa bare ne na ƙarshe a al'adar Bahaushe, amma mawallafan sun wanke Kyauta ta hanyar nuna cewa satar ba halinsa ba ce, jifa aka yi masa. Asiri a nan dabara ce ta ɗauke laifi daga kan tauraro. Mai karatu ya san sanadin lalacewar yaron, mutanen garin ba su sani ba, kuma wannan fifikon sani shi ne yake hana shi yanke masa hukuncin da su suka yanke.

5.0 Baren Birni da Baren Ƙabila

Bayan samun 'yancin kai, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da kuɗin man fetur da suka biyo baya, sai hanyar da ke raba mutum da gida ta gajarce. Ba sai an ƙetare Sahara ba, motar Kano ta isa. A Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, Ibrahim ya bar ƙauye da ƙafarsa ya tafi birni, ya faɗa cikin miyagun abokai. Tun da ba sato shi aka yi ba, mawallafin ya nemi wata hanyar wanke shi, wato ruɗi. Sunan littafin ma ya faɗi haka: birni ya nuna masa abin da ya yi kama da kitse. Tausayin da ake yi masa na wanda aka yaudara ne, kuma ba ya cika sai ya gane kurensa.

So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya zo na biyu a gasar Kamfanin NNPC aka buga shi a 1980, ya kawo baren ƙabila. Boɗaɗo 'yar Fulani ce, Yasir da take so kuwa ba Bafulatani ba ne, dangi kuma suka nuna ƙin amincewa. Dabarar da aka yi amfani da ita a nan ana iya kiranta lamuni. Ba Yasir ne ke kare kansa ba. 'Yar gida ce ke tsaya masa, kuma da idonta mai karatu yake ganinsa. Duk wanda ya yarda da Boɗaɗo ya yarda da zaɓinta.

Wanda ya fi kowa kasada shi ne Bature Gagare a Ƙarshen Alewa Ƙasa, ɗaya daga cikin littattafan gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya da aka buga a 1982. Tauraronsa, Mailoma, Bamaguje ne, wato bare ta fuskar addini ga yawancin masu karatu, kuma ya zama shugaban 'yan ta'adda a zamanin da makamai suka bazu bayan yaƙi. Ba maraya ba ne mai haƙuri, ba a kuma yi masa jifa ba. Abin da mawallafin ya yi shi ne ya buɗe labarin a ƙauyen Maguzawa, ya zauna a can, ya nuna al'adunsu da zamansu kamar na kowace al'umma, sannan ya nuna cewa birnin da Mailoma ya shiga cike yake da manyan da ba su fi shi tsarki ba. Ba a nemi mai karatu ya yafe masa ba, kuma ƙarshensa halaka ne. An dai tilasta masa ya san inda mutumin ya fito. Ko a wannan littafi da ya saɓa wa na gabansa, dabarar kafa asali tana nan.

6.0 Bare a Cikin Gida

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da sababbin masu karatu, da yawansu mata, kuma daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga littattafansu da kansu, abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. A nan ne nisan da ke tsakanin bare da gida ya ƙare gaba ɗaya. Littattafai biyu na Balaraba Ramat Yakubu da suka fito a 1990 sun isa misali.

A Wa Zai Auri Jahila? mahaifin Abu ne ya cire ta daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta da ilimin boko, aka aurar da ita tana ƙaramar yarinya ga Sarkin Noma, wanda ya isa ya haife ta. Ba wani Gumuzu da ya zo daga waje. Waɗanda suka mai da ita bare su ne waɗanda haƙƙinta ke wuyansu. Abu kuma ba ta yi irin haƙurin 'yar bora ba, gudu ta yi zuwa wurin gwaggonta a birni, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Mawallafiyar ta hana mai karatu ganin gudun a matsayin rashin tarbiyya ta hanyar shigar da shi ɗakin da aka kai yarinyar, ya ga abin da jama'ar gari ba sa gani, sannan ta kafa hujja da addinin da aka fake da shi, ta nuna cewa Musulunci bai hana mace ilimi ba.

A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, ya auro Delu, ya kore ta. Dabarar a nan ita ce lissafi. Ana nuna abin da maigida ke bayarwa na cefane da yawan bakunan da za su ci, da sayar da abincin da Rabi ta kama don ta riƙe yaranta. Mace mai karatu ta san farashin waɗannan abubuwa, don haka ba ta buƙatar a ce mata ta tausaya. Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya a 2012.

7.0 Waɗanda Aka Bari a Waje

Dabarar da ke wanke bare ta hanyar nuna asalinsa da rashin laifinsa tana da iyaka, kuma littattafan da kansu sun nuna iyakar. A farkon Shaihu Umar, Makau ya fita harin kamo bayi a ƙasar Gwari, kuma sharrin da aka yi masa a kan rabon bayin ne. Mai karatu yana jin zafin korar Makau, amma mutanen da aka kamo ba su da suna, ba su da uwa mai nemansu. Abin da ya sa bautar mahaifiyar Umar ta zama abin takaici a labarin shi ne kasancewarta 'ya kuma Musulma. Littafin ya la'anci bautar da wanda bai cancanta ba fiye da yadda ya la'anci bautar kanta. Haka nan a Alhaki Kuykuyo Ne, Delu mai zaman kanta ce kafin aurenta, wato ita ma bare ce, amma ba a ba mai karatu labarin yadda ta kai ga wannan hali da irin kulawar da aka ba labarin Rabi ba. Ana haskaka bare ɗaya ne ta hanyar barin wani a duhu.

Wannan ba aibi ne na marubutan Hausa kaɗai ba, kuma ba ya rage darajar abin da suka yi. Yana dai nuna wa manazarci inda ya kamata ya duba. Tambayar wa aka tausaya wa a labari ba ta cika ba sai an haɗa ta da tambayar wa aka hana shi asali.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tsakanin 1933 da 1990 baren ƙagaggun labaran Hausa ya riƙa matsowa kusa da mai karatu: daga yaron da aka ƙetara da shi Sahara, zuwa saurayin da ya shiga motar birni, zuwa matar da ke cikin gida. An kuma ga cewa sharaɗin haƙuri da aka gada daga tatsuniya ya yi sauƙi da tafiyar zamani, har aka kai ga tauraruwar da ta gudu daga gidan miji mai karatu yana goyon bayanta. Abin da bai sauya ba shi ne buƙatar asali. Ko ta bakin tauraro, ko ta hawayen uwa, ko ta lamunin 'yar gida, ko ta lissafin cefane, marubucin yana nuna cewa mutumin nan yana da inda ya fito kuma wani ne ya raba shi da shi. Saura aiki ga masu nazarin adabin sauran harsunan Nijeriya su duba ko haka abin yake a nasu littattafan, ga masu nazarin Hausa kuma su bi sawun almajiri da mai zaman kanta da mazaunin Sabon Gari a littattafan da suka fito bayan 1990, a ga ko an sami wanda ya ba su suna da uwa.